Gilashin Injin Malam Isufu

Malam Isufu bai taɓa aika wa surukinsa da neman wani abu ba sai da gilashin injinsa ya fara rawa. Ko a ranar ma ba da bakinsa ya faɗa ba. Ƴarsa Uwani ce ta je gaishe shi, da ta dawo ta biyo ta rumfar mijinta Muttaƙa, inda yake gyaran tele da rediyo a bakin kasuwar Magarya. Ta tsaya daga gefe har mai rediyon da ke gabansa ya tafi, sannan ta ce, "Baba ya ce wai in ka samu sarari ka leƙa masa injin nan. In ba ka samu ba kuma, wai kar ka takura kanka."

Muttaƙa bai jira ta ƙara ba. Ya zuba kayan aiki a jaka, ya ja ƙyauren rumfa, ya hau moto.

Injin nan tur ake ce masa, wato mai juya ƙarfe yana feƙe shi har ya kai kaurin da ake so. Da shi Malam Isufu ya yi ƙuruciyarsa a wani kamfani a Damagaram, da kamfanin ya rufe sai injin ya biyo shi Magarya a bayan babbar mota. A gefensa akwai akwatin ƙarfe mai maɓallai, da gilashi kamar na ƙaramar tele, mai koren rubutu. A nan ake ganin lambobin awo, abin da wuƙar injin ta ci da abin da ya rage. Injin ba shi da hannun murɗawa irin na sauran. Abin da ka danna masa shi yake yi, kuma ba ka sanin abin da ka danna sai ka gani a gilashin. Daga Kwaya har Dogo-Dogo, duk wanda sandar injin niƙansa ta karye, ko ta famfonsa ta cinye, nan yake kawowa.

Muttaƙa ya tuɓe takalma tun daga ƙofar shagon tsohon, ko da yake ƙasan cike yake da ɓarɓashin ƙarfe. Ya durƙusa, ya yi gaisuwa, kansa a ƙasa. Tun da ya auri Uwani bai taɓa kallon fuskar tsohon nan kai tsaye ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai kuma taɓa ce masa a'a ba. Shi ma tsohon bai taɓa kama sunansa ba.

"Mai Tele, an taso ka daga aikinka."

"Haba Baba, ai nan ma aikina ne."

Aka kunna. Gaskiya ne, gilashin ba shi da lafiya. Lambobin suna karkarwa kamar mai zazzaɓi, wasu layuka suna hawa suna sauka. Muttaƙa ya kashe, ya kwance bayan akwatin. Abin da ya tarar a ciki sai da ya ba shi dariya, ya danne ta. Zanzaro ya yi gini a kusurwa, ga busasshiyar tsaka ta manne a jikin waya, ga garin ƙarfe ya kwanta a kan komai. Ya share da gashin kaza, a hankali. Ya duba fis, lafiyarsa ƙalau. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana girgiza su, ya sami inda dalma ta tsage, ya sake ɗige ta. Can ƙasa ya ga wasu ƴan kondansa sun kumbura kamar ƙosai, ya cire su, ya sa waɗanda ya ciro daga wata matacciyar tele. Sai da azahar ta gota sannan ya rufe, ya ce bismillah, ya kunna.

Lambobin suka tsaya cak, kore shar, kamar yau aka kawo injin. Daɗi ya kama Muttaƙa. Ya ja da baya ya ba tsohon wuri.

Malam Isufu ya matso, ya kai fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka.

"Rawar kam ta daina," in ji shi. "Amma hayaƙin nan yana nan."

Muttaƙa ya duba, bai ga hayaƙi ba. Ya sa gefen rigarsa ya goge gilashin.

"Yanzu fa, Baba?"

"Yana nan. Kamar an shafa masa mai."

A nan ne Muttaƙa ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaga kai ya saci kallon surukinsa. A tsakiyar baƙin idon tsohon, duka biyun, akwai wani fari-fari, kamar an ɗiga nono a ruwa. Ya yi maza ya sunkuyar da kai.

"To Baba, bari in sake dubawa."

A cikin akwatin akwai wani ɗan abin murɗawa na ƙara haske. Ya murɗa shi har lambobin suka fara cin ido.

"Yauwa, ya ɗan fi," in ji Malam Isufu. "Allah ya yi albarka."

Da yamma, Uwani tana tankaɗe a tsakar gida, Muttaƙa ya zauna a bakin turmi ya faɗa mata abin da ya gani. Ta ajiye rariya.

"Na daɗe da lura," ta ce. "Ran nan na miƙa masa ludayi, sai da ya lalubo shi."

Muttaƙa ya ce, "Yanar ido ce ta rufe masa gani. A likitar Damagaram ana cire ta, na ga waɗanda aka yi wa. Ki faɗa masa mana."

"Ni? Ni da nake ƴar fari, ga sunan mahaifiyarsa a kaina, ko kirana ba ya iya yi sai ya ce ke? In zauna gabansa in ce Baba ba ka gani? Kai da ka buɗe injin ai kai ka san gilashin lafiya yake."

"In ya ce akwai hayaƙi, ni in ce masa babu? Na ƙaryata shi ke nan."

Can ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Tun da Inna ta rasu, injin nan ne ke tayar da shi da safe. Duk wanda ya ce masa idonsa ne, ya raba shi da shi."

Ita ce ta tuna da Hamman. Wani tsohon Bafillace ne daga rugagen wajen Sassumbrum, abokin Malam Isufu tun suna samari. Asalin gidan su Malam Isufu Barebari ne, don haka akwai wasa tsakaninsu, babu abin da Hamman ba ya iya faɗa masa. Ranar kasuwa Muttaƙa ya tare shi a tasha. Hamman ya sauko daga moto da wata sandar ƙarfe a naɗe cikin buhu, ta famfon rijiyar da shanunsu ke sha ce ta cinye, ga shi bazara ta yi tsanani. Muttaƙa ya ja shi gefe ya yi masa bayani.

Hamman ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. "Wannan ai aikina ne, yaro. Bar ni da shi."

Da suka isa shagon, tun daga ƙofa Hamman ya fara. "Ina Babarbaren nan? Tashi ka karɓi kayan ubangidanka!"

"Wa nake ji kamar ɓarawon kara?" in ji Malam Isufu, fuskarsa ta washe. "An gama cinye gonakin mutane, an shigo gari?"

"Ji kake yi, ai ba gani ba. Labari ya je mana har ruga, an ce ka makance. Na ce a kawo mini shi in ɗaura masa igiya in riƙa ja tare da maruƙa."

"Bara ka ce na kurumce. Bara waccan ka ce na mutu, har ka zo gaisuwa don ka ci tuwo. Bana kuma makanta ce?"

Masu jiran aiki da ke zaune a kan benci suka kwashe da dariya. Hamman ya bari ta lafa, ya matso, ya rage murya.

"Isufu, wallahi da gaske nake. Idonka ya yi fari. Mu je Damagaram a duba."

"Jama'a ku ji, Bafillace da gaske! Yaushe aka fara?"

Aka sake fashewa. Hamman ya waiwayo ya dubi Muttaƙa, ya buɗe tafin hannu. Ya faɗa, amma bakin da ya shekara arba'in yana tsokana ba a jin gaskiyarsa. Ya ajiye sandar, ya ce zai dawo kasuwa mai zuwa.

Bayan kwana biyu aka sake kiran Muttaƙa, wai hasken ya ragu. Yana durƙushe a bayan akwatin ya hango ƙarƙashin tebur. Ƙarafa ne a jibge, sababbi, masu ƙyalli, duk an feƙe su sun wuce awo. A samansu akwai wadda aka fara yi wa Hamman, ta sirance kamar kara. Mutumin da ake cewa aikinsa ba ya komawa inji sau biyu, shi ne yake ɓoye ɓarna a ƙarƙashin tebur.

Abin murɗawar nan ya riga ya kai ƙarshe. Saura dabara ɗaya, wadda duk mai gyaran tsohuwar tele ya sani. A wuyan kwalbar gilashin akwai wata ƴar fitila, siririya kamar gashi, ita ke ba rubutun haske. In ka naɗa waya a jikin taransifo, wato abin da ke raba wuta a ciki, ka haɗa mata, sai wutarta ta ƙaru, gilashin ya haska. Amma cin ranta yake yi. Wanda ya koya wa Muttaƙa aiki ya ce masa kada ya yi wannan sai ga telen da mai ita ya riga ya fid da rai. Ga shi kuma irin wannan kwalba ba a samunta. Ya ɗauki hotonta ya aika wa wani abokinsa mai sayar da kayan tele a Kano, abokin ya zaga inda zai zaga, ya aiko masa da murya yana dariya, ya ce wannan ai sa'ar kakansa ce, ko a bola babu.

Muttaƙa ya san duk wannan. Ya naɗa wayar, zagaye ɗaya. Lambobin suka kumbura, suka yi haske har koren ya faɗo a rigar tsohon.

"Ka gani?" in ji Malam Isufu. "Na ce maka daga injin ne."

"Haka ne, Baba."

A kwanakin da suka biyo Muttaƙa bai ji daɗin komai ba. Yana cikin gyaran rediyo sai ya tsinci kansa yana shirya magana. Baba, gilashin lafiya yake. A'a, wannan ya yi tsauri. Baba, ko za a gwada madubin ido? Wannan ma kamar gori ne. Ya shirya ta da safe, ya rushe ta da rana.

Ranar kasuwa ta zagayo. Bayan azahar, yana sunkuye a kan aiki, ya ji sallama. Da ya ɗago sai ya ga Malam Isufu tsaye a bakin rumfarsa, cikin rana, shi kaɗai, hannunsa ɗaya yana dafe da ginshiƙi. Suruki ya tako da ƙafarsa zuwa wurin mijin ƴarsa. Muttaƙa ya zabura har ya ture kujera.

"Baba, ai da aikowa aka yi!"

"Mutumin nan ya zo, sandarsa ba ta gamu ba. Ya ce da guga suke shayar da shanu, matansu har hannu ya fashe. Ka ƙara masa haske kaɗan, Mai Tele. Kaɗan kawai, in gama wannan."

Muttaƙa ya ɗauke shi a moto, suka tarar da Hamman zaune a kan benci. Muttaƙa ya kwance bayan akwatin, ya tsaya yana kallon wayar da ya naɗa. Ya ɗago da niyyar faɗin gaskiya.

"Baba."

"Na'am."

Tsohon ya juyo, yana jira, fuskarsa a sake, irin ta wanda ya yarda da kai. Muttaƙa ya dubi ƙasa.

"A miƙo mini turnabis ɗin can, in ɗaure noti."

Ya ƙara zagaye na biyu. Ya ɗige dalma, ya rufe, ya kunna.

Gilashin ya haska, hasken da bai taɓa yi ba. Koren ya koma fari. Sai rubutun ya tattaru wuri ɗaya, ya zama ɗigo a tsakiya, ɗigon ya ƙanƙance, ya ɓace. Babu ƙara, babu wari. Fankar da ke cikin akwatin ta ci gaba da hurawa kamar kullum. Rana ta riga ta karkata, ta shigo ta ƙofa ta faɗa a kan gilashin, yana ta ƙyalli.

Malam Isufu ya matso, ya kai fuskarsa kusa.

"Madalla," in ji tsohon. "Yanzu kam ya fito. Sannu da wahala, Allah ya yi maka albarka. Koma bakin aikinka."

Hamman ya taso ya leƙa ta bayan kafaɗarsa. Ya ga baƙin gilashi. Ya koma ya zauna.

Malam Isufu ya ɗauko sabon ƙarfe, ya ɗaure shi a bakin injin, ya matse. Ya shiga danna maɓallai, yatsunsa suna tafiya da kansu yadda suka saba. Ko ya danna daidai, ko ya zarce, babu mai iya sani. In lambar ta wuce, wuƙar za ta afka cikin ƙarfen da ƙarfin injin gaba ɗaya, ga shi tsohon yana tsaye daf da ita. Ya miƙa hannu wajen maɓallin tayarwa.

Muttaƙa ya riƙe masa wuyan hannu.

Bai san lokacin da ya yi ba. Sai dai ya ji fatar tsohon a tafinsa, busasshiya, da ƙashi a ƙarƙashi. Bai saki ba.

"Baba, gilashin ya mutu. Ni na ƙone shi. Ba ya nuna komai."

Tsohon ya juyo gare shi.

"Tun yaushe?"

"Tun da na kunna yanzu."

Malam Isufu ya sake juyawa ga gilashin, ya kalle shi, ya daɗe.

"Ranar farko fa? Ranar da ka cire gidan zanzaro?"

"Ranar ya gyaru, Baba. Tsaf ya fito."

"Babu hayaƙi."

"Babu."

Tsohon ya zare hannunsa a hankali, ya lalubi gefen tebur ya dafa.

"Hamman."

"Na'am, Isufu."

"Haka ne?"

"Haka ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, kamar da kansa yake, "Na ga yaron nan yana ta wahala, na ce bari in sallame shi." Can kuma ya ce, "Ana samun wani gilashin?"

"Na tambaya har Kano, Baba. Babu."

"Da ka faɗa mini tun ranar."

Muttaƙa ya durƙusa. Hawaye suka zubo masa a kan garin ƙarfe.

"A'a, tashi," in ji Malam Isufu. "Ni ma da nawa surukin ne, da ban iya ba."

Shi da kansa ya kwance ƙarfen daga bakin injin, da lalube. Ya nemo tsohuwar sandar famfon, ya haɗa su, ya naɗe a buhu, ya miƙa wajen da yake jin numfashin Hamman.

"Ka kai Damagaram. Akwai masu tur a can. Ka ce su auna da tsohuwar, su ƙara kaɗan saboda cin da ta yi. Ka yi haƙuri da kwanakin da na ɓata maka."

Hamman ya karɓa da hannu biyu. "Mu tafi tare mana," ya ce. "Ni in kai ƙarfe, kai a duba ka. Yaron nan ya ce yanar ido ce, ana cirewa."

"Ana cirewa, Baba," in ji Muttaƙa da sauri. "Na ga waɗanda aka yi wa, sun dawo suna gani."

"Za a je, in Allah ya so." Ya ɗora tafinsa a kan akwatin, inda yake da ɗumi. "In sun buɗe idon sai in zo in kalli wannan."

Ya kai hannu baya ya kashe. Fankar ta yi ta raguwa har ta tsaya. Ya ɗauko tsohon zanen da yake rufe akwatin da shi in an tashi aiki, ya rufe, ya gyara gefe-gefe. La'asar ko ba a kira ba, kasuwa tana tsakiyar ci, ya sa kwaɗo a ƙofa.

Hamman ya yi sallama ya nufi tasha, buhu a kafaɗa, bai waiwayo ba. Muttaƙa ya bar motonsa a nan jikin bango. Ya tsaya daga baya yana jira tsohon ya yi gaba, don ba a shiga gaban suruki a hanya. Amalanke suna wucewa, masu moto suna ta oda, ga tumaki an koro daga kasuwa. Malam Isufu ya tsaya a bakin titi, mabuɗi a hannunsa, bai taka ba.

"Mai Tele."

"Na'am, Baba."

"Wuce gaba, in bi ka."

Muttaƙa ya wuce. Ya ji hannun tsohon ya sauka a kafaɗarsa, mara nauyi. Ya rage tafiya, suka shiga cikin mutane.